Ɗan tsuntsu, gajeren jeji da wutar da ke dawowa da wuri

Akwai wani irin jeji a kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka wanda in ka wuce shi a mota cikin watan Agusta ko waiwaye ba zaka yi ba. Babu doguwar bishiya, babu inuwa, tsirrai ne gajeru iya gwiwa zuwa ƙugu, wasu su kai ƙirji, duk sunyi toka-toka kamar tun bara suka mutu. To ba mutuwa sukayi ba, barci suke. A can da sanyi ake ruwa, daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu, lokacin zafi kuwa da ƙyar ka ga ɗigo, ruwan ma ba wani mai yawa ba tunda birnin San Diyego abin da yake samu a shekara bai wuce wajen milimita 250 ba. Shi yasa tsirran suka koyi zubar da ganye idan zafi ya shigo, su lafe, sai ruwan farko ya sauka kaga wuri ya koma kore cikin 'yan makonni, ƙamshi ya cika ko'ina. Babban tsiron da ke wurin ɗan uwan tazargade ne, gida ɗaya suka fito, akwai kuma wasu masu ƙamshi da wani mai fararen furanni da ƙwari ke so sosai, sai kaktus mai faffaɗan ganye da ƙaya a gangaren da rana tafi duka. Wannan jeji yana bin gaɓar teku daga tsakiyar jihar har ya tsallaka iyaka zuwa Baja Kalifoniya a ƙasar Meksiko, ni zan riƙa ce masa gajeren jeji.

A cikinsa akwai wani ɗan tsuntsu da Turawa ke kira natkaca, ma'ana mai cafke ƙananan ƙwari. Tsawonsa duka-duka santimita 11, nauyinsa wajen giram 6, launin toka ne da doguwar jela baƙa da yake ta kaɗawa, namijin kan sa yana yin baƙi kamar ya sa hula in lokacin aure yazo. Kukansa sak na 'yar kyanwa, har mutum yakan tsaya yana dube-dube yana neman mage a cikin ciyawa. Baya ƙaura, baya zuwa ko'ina, inda aka ƙyanƙyashe shi nan kusa zai rayu ya mutu. Sheƙarsa a cikin waɗannan gajerun tsirran yake yinta, kamar mita ɗaya daga ƙasa, mace ta saka ƙwai 3 ko 4, ita da namiji su riƙa karɓa-karɓa wajen kwanci kamar sati biyu, in maciji ko wani tsuntsu ya cinye ƙwan su sake wata sheƙar, su sake, su sake, har kakar ta wuce. Abincinsa ƙwari da gizo-gizo da tsutsotsin da ke jikin ganyen. Kaga kenan kwanansa da cinsa da haihuwarsa duk a jikin wannan jejin suke, in ka ɗauke jejin baka bar masa komai ba.

Kuma an ɗauke mafi yawansa. Masana suna ƙiyasin cewa tsakanin kashi 70 zuwa 90 cikin ɗari na gajeren jejin ya tafi. Dalilin a fili yake, wurin da jejin yake so shi ne ƙasa mara tudu sosai, kusa da teku, mai iska mai daɗi, wato daidai wurin da ɗan Adam yake so ya gina gida, kuma filaye ne da suna cikin mafi tsada a Amurka gaba ɗaya. Da farko shanu da tumaki ne suka tattake shi, sai gonakin lemo, daga baya unguwanni da manyan tituna da kantuna, yau mutum fiye da miliyan 20 ne ke zaune a kudancin Kalifoniya. Abin da yafi damuna a labarin nan shi ne jejin bai samu mai tsaya masa da wuri ba sabida ba shi da kwarjini. In za'a sare katuwar bishiya mai shekara dubu kowa zai fito ya yi magana, amma buldoza ta share eka ɗari na gajeren jeji sai a ce ai an gyara wuri, an cire datti.

A 1993 gwamnatin tarayya ta saka natkaca cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, a ƙarƙashin dokar kare halittu masu shirin ƙarewa ta 1973, lokacin ana ƙiyasin ma'auratan da suka rage a ɓangaren Amurka basu wuce wajen 2,500 ba. Dokar nan tana da haƙora, in tsuntsu ya shiga jerin to baka da ikon kashe shi ko rushe masa gida koda a filinka ne sai da izini. Sai hankalin masu gine-gine ya tashi, don filaye ne na biliyoyin daloli, kuma kowa yana tuna rigimar da akayi a arewa maso yammacin ƙasar kan wata mujiya da masu sarar katako. Tun a 1991 jihar Kalifoniya, zamanin gwamna Pete Wilson, ta riga ta kafa wata doka ta daban mai cewa maimakon a riƙa faɗa fili bayan fili, tsuntsu bayan tsuntsu, a zauna a duba yanki gaba ɗaya a shata inda za'a bari har abada da inda za'a gina. A 1993 sakataren harkokin cikin gida na gwamnatin tarayya, Bruce Babbitt, ya rungumi wannan tsari, aka yarda a iya taɓa kashi 5 cikin ɗari na jejin da ya rage kafin a gama tsare-tsaren. Daga nan gundumar Orange ta fito da nata a 1996 da keɓaɓɓen wuri mai wajen eka 37,000, San Diyego ta biyo baya da tsarin da ke nufin keɓe wajen eka 172,000 don halittu iri 85, yammacin gundumar Riverside kuma nata burin ya kai eka 500,000 da halittu 146.

Ni dai a ganina wannan sulhu yayi amfani, da ba don shi ba da abin da ya rage yau bai kai haka ba, duk da cewa masu suka suna da gaskiyarsu in sunce an baiwa magina izini nan take tsuntsu kuma an bashi alkawari. Amma inda matsalar take shi ne mutane da yawa sun ɗauka in an sayi fili an kewaye shi an kafa allo to aiki ya ƙare. Nan ne ma aikin ya fara, domin fili yana iya zama a keɓe a takarda alhali jejin da ke kansa yana mutuwa a hankali.

Ɗauki maganar gutsuttsura wuri. Birnin San Diyego cike yake da kwazazzabai, magina suka gina saman tudu suka bar kwazazzaban da jejinsu kamar tsibirai a tsakiyar unguwa. Wani masani Michael Soulé da abokan aikinsa suka bi guda 37 daga cikinsu suna ƙirga tsuntsaye, sakamakon ya fito a 1988, abin da suka gani shi ne duk kwazazzabon da yafi ƙanƙanta kuma yafi daɗewa a yanke, to tsuntsayen jejin sunfi ɓacewa daga cikinsa, ɗaya bayan ɗaya, ba tare da wani ya harbe su ba. Tsuntsu ne mai fiffike amma baya son tsallaka titi da rufin gidaje, in na wuri ɗaya suka ƙare a shekarar da aka yi fari babu mai zuwa ya maye gurbinsu. A 1999 shi Soulé ɗin da Kevin Crooks suka ƙara gano wani abu da ya bani mamaki ranar da na fara jinsa, wai inda koyoti yake yawo, wani karen daji ne dangin dila, tsuntsaye sunfi yawa. Yaya akayi mai cin nama ya zama garkuwar tsuntsu? Sabida shi ne yake tsorata ƙananan maharba, yanyawa da wata ƙaramar dabbar dare da ake kira rakun da uwa uba kyanwoyin gida, in wuri yayi ƙanƙanta koyoti ya daina zuwa sai su sake su yi ta ɓarna a sheƙuna. Kuma kyanwar gida ba yunwa ke sa ta farauta ba, a ƙoshe take fita, don haka ko tsuntsaye sun ragu ita bata raguwa tunda ana zuba mata abinci a kwano. Wannan yasa siririyar hanyar jeji da ta haɗa wuri biyu, ko wata kwalbati a ƙarƙashin titi da koyoti zai bi, wani lokacin tafi ƙarin eka hamsin a gefe guda amfani.

Amma babbar masifar ita ce wuta, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa. Jejin nan ya san wuta tun asali, baya tsoronta, in ta cinye shi wasu tsirran su toho daga gindi, wasu irinsu ya tsiro daga ƙasa. Sharaɗinsa ɗaya ne, a bashi lokaci. A da can wuta takan ɗauki shekara 30 ko fiye kafin ta dawo wuri ɗaya, don tsawa bata cika faɗuwa a gaɓar tekun ba, cikin waɗannan shekarun tsiro ya girma yayi fure ya zubar da iri ya tara ƙarfi a saiwa. Yanzu kuwa kusan duk wutar da ke tashi daga hannun mutum take, wayar lantarki da iska ta tsinka, tartsatsin mota a bakin titi, injin yankan ciyawa, guntun sigari, wani kuma da gangan. In aka yi rashin sa'a ta tashi a kaka lokacin da busasshiyar iskar nan mai zafi da suke kira Santa Ana take kaɗowa daga hamada zuwa teku, to babu mai tare ta sai ta gaji. A Oktoban 1993, 'yan watanni bayan an saka natkaca a jerin, gobarar Laguna ta cinye fiye da eka 14,000 a gundumar Orange, cikin wuraren da tsuntsayen suka fi yawa. A 2003 gobarar Cedar ta ƙone wajen eka 273,000 a San Diyego ta kashe mutum 15, a 2007 ta Witch Creek ta ƙara wajen eka 198,000, har da wuraren da suka ƙone shekara 4 kacal kafin nan.

To me ke faruwa in wuta ta dawo da wuri? Nan baƙuwar ciyawa take shigowa. Tun zuwan Sifaniyawa a 1769 da dabbobinsu, irin ciyawar Turai da wani tsiro mai rawayan fure da ake kira mastad suka bazu a ƙasar. Su 'yan shekara ɗaya ne, da ruwan farko suke tsirowa kafin 'yan gida su farka, su shanye damshin saman ƙasa, su zubar da iri jibgi, zuwa watan Mayu sun bushe ƙayau sun zama shimfiɗar makamashi. Gajeren jeji na asali yana da ɗan sarari tsakanin tsiro da tsiro, ciyawar nan sai ta cike sararin, wuta ta samu gada. Wuta ta ci, ciyawa ta dawo a shekara ɗaya, tsiron asali kuwa yana buƙatar shekaru, kafin ya kai ga yin iri wata wutar ta sake zuwa ta kashe shi yana ƙarami. Sau biyu sau uku haka, shi kenan, irin da ke ɓoye a ƙasa ya ƙare, tudun da yake jeji ya koma filin ciyawa kuma ba zai dawo da kansa ba ko an bar shi shekara hamsin. Abin takaicin shi ne a watan Maris tudun nan yafi kyau a ido, kore shar da rawayan fure, mutane suna tsayawa ɗaukar hoto, amma natkaca ba shi da reshen da zai ɗaura sheƙa a wurin.

Akwai kuma mai taimaka wa ciyawar daga sama. Hayaƙin motocin Los Anjeles da kewaye yana ɗauke da sinadarin naitirojin, iska ta kwashe shi zuwa cikin ƙasa wajen Riverside ya sauka kan tuddai, wato taki ne ake watsawa kyauta duk shekara ba wanda ya nema. Tsirran asali sun saba da ƙasa mara ƙarfi, takin baya ƙara musu komai, ita baƙuwar ciyawa kuwa shi take jira. Edith Allen ta jami'ar Kalifoniya da ke Riverside ta shafe shekaru tana nuna yadda jejin yafi saurin komawa ciyawa a inda hayaƙin yafi sauka. Wannan babu shingen da zai tare shi.

Akwai wani tsuntsun na biyu da halinsa ya ma fi na natkaca tsanani, shi ne tsuntsun kaktus. Ya fi natkaca girma nesa ba kusa ba, mai zane-zane a ƙirji, kukansa kamar tsohuwar mota da taƙi tashi. A hamada danginsa suna da yawa, amma na gaɓar teku ba ya sheƙa sai a cikin kaktus, kuma ba kowane ba, sai wanda ya kai wajen mita ɗaya a tsayi yayi cunkus yadda ƙaya zata hana maciji da sauran maharba isa. Sheƙar dunƙulalliya ce mai ƙofa a gefe, kuma ba don ƙwai kaɗai yake yinta ba, a ciki yake kwana duk shekara. Kaktus kuwa ba ya sauri, in wuta mai zafi ta dafa shi sai ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya koma tsayin da tsuntsun zai yarda da shi. Bayan gobarar Laguna masu lura da keɓaɓɓen wurin gundumar Orange suka ga tsuntsun ya ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari a ɓangaren gaɓar teku, a cikin filin da aka ce an kare fa. Binciken ƙwayoyin halitta da USGS, hukumar binciken ƙasa ta Amurka, tayi ya nuna na kudancin Kalifoniya sun rarrabu gida-gida, kowane ƙaramin rukuni yana aure a cikinsa don babu hanyar kaiwa ga na gaba, alhali shi natkaca har yanzu jininsa yana ɗan gauraya daga yanki zuwa yanki. Kuma shi tsuntsun kaktus ɗin baya cikin jerin gwamnatin tarayya, albarkacin natkaca da waɗancan tsare-tsaren yake ci.

A nan ya kamata in ja hankali kan wani kuskure da ake yawan yi, na ɗauko magani daga wani wuri a shafa a wani. A jihar Fulorida ma akwai gajeren jeji a kan tsofaffin tuddan yashi, har da na gaɓar teku wajen Cape Canaveral, da wani shuɗin tsuntsu da babu shi ko'ina a duniya sai can, wanda aka saka a jerin a 1987. Shi nasa ciwon rashin wuta ne, da aka riƙa kashe duk gobarar da ta tashi sai itatuwan suka yi tsayi suka rufe, tsuntsun ya rasa sararin yashin da yake binne abincinsa, don haka a can ma'aikata da kansu suke cinna wuta bisa tsari don su ceci tsuntsun. Ka ɗauko wannan dabara ka kawo kudancin Kalifoniya ka ƙarasa kashe jejin. Haka ma masu cewa a dasa bishiyoyi, niyyarsu mai kyau ce amma gajeren jeji ba kurmi ne da ya kasa girma ba, haka Allah ya yi shi, in ka dasa dogayen bishiyoyi a ciki ka kashe tsirran da inuwa kuma ka gina wa shaho da hankaka wurin tsayawa suna leƙen sheƙuna.

To yaya ake dawo da shi in ya lalace? Aikin ba na gaggawa bane kuma mafi yawansa faɗa ne da ciyawa. Masu yinsa da kyau basa fara shuka, sukan ɗauki shekara ɗaya ko biyu suna yaudarar ƙasa, a bar ruwa ya sauka ko a yi ban ruwa, baƙuwar ciyawa ta tsiro, a kashe ta kafin tayi iri, da hannu ko da injin ko da feshi, a sake jira ta sake tsirowa a sake kashewa, har rumbun irinta da ke ƙasa ya ragu. A yankin Palos Verdes da ke bakin teku kusa da Los Anjeles har garken awaki ake kawowa su cinye mastad a gangaren da injin ba zai hau ba, amma sai da makiyayi da shinge don akuya bata san ɗan gida da baƙo ba. Sannan iri, ba'a sayo shi daga ko'ina, daga jejin da ke kusa ake tsinto shi sabida tsiron da ya saba da hazon teku daban yake da wanda ya saba da zafin cikin ƙasa ko da sunansu ɗaya. In za'a gina wani wuri mai jeji mai kyau, masu hankali sukan kankare ƙasar saman su kwashe ta zuwa filin da ake gyarawa, domin a cikinta akwai iri da ƙananan halittun da saiwa ke hulɗa da su wanda ba zaka samu a buhu ba. Shuka kuma da farkon ruwan sanyi ake yi, a ɗan taimaka da ban ruwa na ɗigo shekara ɗaya ko biyu sannan a cire bututun, in ka shagwaɓa tsiro da ruwa saiwarsa ba zata nutsa ba, kuma damshin yana jawo wata baƙuwar tururuwa 'yar Ajantina da ke korar tururuwan asali har ƙadangaren da ke cinsu ya rasa abinci.

Shi kaktus sauƙin dasawa gare shi, ka ɓallo ganye ɗaya ka ajiye shi ya yi kwanaki bakin ya bushe, ka kafa a ƙasa, zai kama. Wahalar jira ce. Shi yasa in aka samu manya a filin da za'a gina akan tono su ɗungurungum a kai inda ake buƙata, don kowane babban kaktus shekaru ne da ba'a saya da kuɗi. Gidan namun dajin San Diyego yana da ɗaruruwan eka na wannan jeji a kwarin San Pasqual, wutar 2007 ta ci babban ɓangarensa, suka bi suna dasa kaktus da sauran tsirrai. Kuma kaktus kaɗai bai isa ba, sai da tsirran da ke tara ƙwari a kewaye, domin a shekarun fari irin na 2012 zuwa 2016 abin da ke kashe 'ya'yan tsuntsaye yunwa ce, iyaye su yi ta yawo babu tsutsar da zasu kawo, wasu ma ko ƙwai basa sakawa. Inda za'a dasa ma sai an yi lissafi, gara ƙananan gungu a jere tsakanin rukuni biyu na tsuntsaye yadda matasa zasu riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan, da babban fili guda can nesa inda babu mai isa.

Akwai kuma kaubad, tsuntsu mai bin shanu wanda baya sheƙa sam, macen takan saka ƙwanta a sheƙar ƙananan tsuntsaye ta tafi, su yi ta wahalar renon ɗan da ya fi su girma nasu 'ya'yan su mutu, natkaca sau da yawa watsar da sheƙar yake yi gaba ɗaya. Ana kafa wa kaubad tarko a lokacin haihuwa kuma yana taimakawa, amma aiki ne da sai an maimaita duk shekara.

Su ma masu son a cire natkaca daga jerin basu haƙura ba. Hujjarsu ita ce natkacan Kalifoniya bai bambanta da na Baja ba inda suke da yawa, suna dogara da binciken ƙwayoyin halitta na Robert Zink da abokansa na 2000 da na 2013. A 2014 aka shigar da takardar neman a cire shi, hukumar kula da kifi da namun daji ta tara masana suka duba, a 2016 ta ce a'a, yana nan a jerin. Ni abin da nake gani shi ne ko yaya aka yanke wannan gardama ta masana, ba tsuntsu ɗaya ake karewa ba, inuwarsa ce ta rufe ƙadangaru da malam-buɗe-littafi da tsirrai da dama da babu wanda zai je kotu dominsu. Ka duba Camp Pendleton, sansanin sojan ruwa mai wajen eka 125,000 tsakanin Los Anjeles da San Diyego, yana cikin manyan wuraren da jejin gaɓar teku ya tsira, kawai don ba'a yanka shi an sayar fuloti-fuloti ba.

Inda nake ganin tsarin yafi rauni shi ne kuɗi da lokaci. Magini ya ɓata eka ɗaya, doka ta ce ya gyara ko ya saya wata a madadi, wani wurin ma eka 2, ya ɗauko kamfani suyi shuka, a riƙa duba wurin yawanci shekara 5, in tsirrai sun rufe kaso kaza na ƙasa a sa hannu a sallame shi. To jejin da ya ɓata mai shekara 40 ne ko fiye, wanda ya bayar kuma ɗan shekara 5 ne da bai taɓa haɗuwa da babbar wuta ko dogon fari ba, kuma tsakanin rushe wancan da girman wannan ina tsuntsun zai zauna? Shi yasa duk inda tsohon jeji yake tsaye gara a bar shi da a yi alkawarin sabo. Sayen fili sau ɗaya ake biya kuma ɗan siyasa yana samun hoton yanka kirtani, cire ciyawa kuwa duk shekara ne har abada kuma babu mai zuwa da kyamara, don haka shi ne farkon abin da ake yankewa in kasafin kuɗi ya matse. Kuma mafi arhar taimakon da za'a yi wa jejin shi ne hana wuta tashi tun farko, a gyara wayoyin lantarki ko a binne su, a tsaftace bakin manyan tituna inda tartsatsi ke faɗawa, a rufe hanyoyin shiga jeji ranar da Santa Ana ke kaɗawa, a gina gidaje da rufi da tagogin da garwashi baya kamawa maimakon a riƙa share jeji mai faɗi a kewayensu, domin wurin da aka share ɗin baƙuwar ciyawa ce ke cike shi kuma ita tafi saurin kamawa. Ganyen kaktus ɗin da aka kafa bana, in wuta ta bi ta kansa nan da shekara 4, sai a koma a ɓallo wani a sake ƙirga daga ɗaya, tsuntsun kuma yana can cikin 'yan gungun da suka rage yana jira ya kai mita.